Kayan Gane Hanya a Daji: Me Zai Shiga Jaka Kafin a Tashi?

Jama'a, barkanmu da warhaka.

An ce matambayi ba ya ɓata. Haka ne, amma sai inda akwai wanda za a tambaya. A tsakiyar dokar daji, ko a kan tsauni bayan hazo ya sauko, daga kai sai itatuwa da duwatsu, kowanne kuma ya yi kama da ɗan'uwansa. A irin wannan wuri masu ba ka amsa su ne 'yan kayan nan da kuke gani na baje a kan tebur. In aka haɗa su duka, ba su kai nauyin gorar ruwa ta lita ɗaya ba.

Tambayoyi uku ne suke damun mai tafiya a ƙasar da bai sani ba. Ina nake? Ina zan fuskanta? Nawa na ci daga cikin tafiyar? Duk abin da zai shiga wannan 'yar jaka sai ya kasance yana amsa ɗaya daga ciki. Wanda ba ya amsawa, ya nemi wani aljihun.

Mu fara da taswira. Ba irin wadda ake rataye wa a bangon aji ba, mai nuna ƙasashe da manyan birane. Wadda muke so ita ce mai nuna fuskar ƙasa: tudu, kwari, rafi, fadama, turba. Ku duba gefen wannan, an rubuta 1:25,000. Ma'anarsa santimita ɗaya a takarda daidai yake da mita 250 a ƙasa, wato santimita 4 kilomita ɗaya ke nan. Wannan kuma ta gefenta 1:50,000 ce, santimita 2 ne kilomita ɗaya. Ta biyun ta fi cin faɗin ƙasa a takarda guda, ta farkon ta fi nuna ƙananan abubuwa. Ga mai tafiya a ƙafa, ni ta farkon na fi so in dai ana samunta, domin ɗan kwarin da zai raba ka da hanya sau da yawa ba ya fitowa a ta biyun.

Waɗannan siraran layuka masu launin ƙasa da suka yi ta kewaye-kewaye su ne layukan tudu. Kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya daga bakin teku. Inda suka matse juna, hawa ne mai tsanani. Inda suka ware, shimfiɗa ce. Tazarar tsayin da ke tsakanin layi da layi a rubuce take a gefen taswira, galibi mita 10 ko 20, kuma a karanta ta tun a gida. Wanda ya iya karanta waɗannan layukan yana ganin dutsen tun kafin ya iso gindinsa.

Maƙiyin takarda ruwa ne, da gumi. A sa taswira a leda mai zif ko jakar roba mai haske, a ninke ta yadda yankin tafiyar yau ne yake sama. Buɗe taswira gaba ɗaya a cikin iska, wanda ya taɓa yi ba ya so ya sake.

Sai kamfas, wato na'urar da allurarta take nuna arewa, kuma a nan za mu ɗan zauna.

Akwai 'yan ƙananan da ake maƙala wa a zoben makulli ko a kan murfin wuƙa. A bar wa yara su yi wasa. Kamfas na aiki shi ne irin wannan: faranti na roba mai haske da ake ganin taswira ta cikinsa, ruwula a gefe, kibiya mai nuna inda aka dosa, da zobe mai juyawa wanda aka raba digiri 360. Allurar tana iyo a cikin wani ruwa, kuma ruwan nan ne yake sa ta tsaya da wuri maimakon ta yi ta rawa. Wannan fasali ya fito ne daga ƙasar Suwidin a farkon shekarun 1930, daga hannun masu wasan tseren gano hanya a daji waɗanda suka kafa kamfanin Silva. A maƙwabciyarta Finlan kuma aka kafa Suunto a 1936. Sama da shekara casa'in ke nan fasalin bai sauya sosai ba, saboda babu abin da ya rage a gyara.

Wanda yake da madubi a murfinsa ya fi daidai wajen saita wani dutse ko bishiya mai nisa, domin kana kallon abin da ka saita da allurar a lokaci guda. Yana da kyau, amma ba dole ba ne ga mai farawa.

Abin da yake dole shi ne sanin cewa arewa ba ɗaya ba ce. Akwai arewar taswira, wadda take bin ƙololuwar duniya. Akwai kuma arewar maganaɗisu, wadda allura take nunawa, ita kuwa ba a wuri ɗaya take zaune ba. A shekarar 1831 James Clark Ross ya same ta a can arewacin Kanada. Tun daga lokacin tana ta gusawa, yanzu ta bar yankin Kanada tana dosar Sabiriya ta ƙasar Rasha. Saboda haka tsakanin arewar taswira da ta allura akwai rata, kuma ratar ta danganta da inda kake tsaye a duniya da shekarar da kake ciki. Wani wurin digiri ɗaya ce ko ma babu, wani wurin ta haura goma.

Wani zai ce, digiri ɗaya har wani abu ne? To mu yi lissafi. Kuskuren digiri ɗaya yana kauce da kai kamar mita 17 a kowace kilomita. In ratar digiri 10 ce ba ka gyara ba, ka yi tafiyar kilomita 5, za ka tarar da kanka kusan mita 900 daga inda ka nufa. A fili ba komai, kana hango wurin. A cikin kurmi ko da dare, mita 900 wata duniya ce.

Gyaran ba wuya. In ka ɗauki digiri daga taswira za ka bi da kamfas, kuma ratar ta yamma ce, wato allura tana nuna yamma da arewar taswira, sai ka ƙara adadin ratar. In ta gabas ce, sai ka rage. Matsalar ita ce mutum da ya gaji, ga ƙishirwa, ga rana tana shirin faɗuwa, yakan juya wannan ƙa'ida ba tare da ya sani ba, kuskuren ya ninka. Shi ya sa nake ba da shawarar a nemi kamfas mai ɗan ƙaramin noti a bayansa, wanda ake saita ratar sau ɗaya a manta da lissafi. In ba a samu ba, a rubuta ƙa'idar da adadin digirin ɓaro-ɓaro a gefen taswira. Kuma kar a dogara da adadin da aka buga a tsohuwar taswira, a nemi na bana, tunda mun ce arewar tana tafiya.

Allura maganaɗisu ce, don haka duk ƙarfe yana jan hankalinta: wuƙa, kan bel, mota, wayoyin lantarki na sama, har wasu duwatsu masu tama. Ni kaina na taɓa ajiye kamfas a aljihu ɗaya da waya mai murfin maganaɗisu na tsawon makonni. Ranar da na fito da shi, jan bakin allurar kudu yake nunawa, hankalinsa kwance. Allah ya taimake ni da safe ne, rana tana gabas ƙiri-ƙiri, ita ta tona masa asiri. Tun daga ranar kamfas yana da nasa aljihu, da igiya ɗaure a jikin riga.

Wani abu kuma ga mai tafiya ƙasashe masu nisa: ana daidaita nauyin allura ne bisa yankin duniya da za a yi aiki da ita. Wanda aka ƙera don arewacin duniya, in aka kai shi can kudu sosai, bakin allurar yakan sunkuya ya riƙa gogar gidansa. Akwai masu allurar da take aiki ko'ina, a duba kafin a saya.

Taswira da kamfas sun amsa tambayoyi biyu. Saura ta uku, nawa na tafi, ita ce kuma mutane suka fi rainawa.

Kun ga wannan igiyar mai 'ya'ya kamar na carbi? Tara a ƙasa, ƙulli, sannan huɗu a sama. Ma'aunin tafiya ce. Kafin ranar fita, ka sami fili ka auna mita 100 daidai, ka taka shi kana ƙirga duk lokacin da ƙafar hagu ta sauka. Yawancin manya sukan samu tsakanin 60 da 70. Naka adadin shi ne naka, ba na abokinka ba. A hanya, duk sanda ka cika wannan adadi sai ka ja ɗaya daga cikin taran. In taran suka ƙare ka sake cika wani ɗarin, kilomita ɗaya ke nan: ka ja ɗaya daga na sama, ka mayar da taran. Da haka igiyar take riƙe maka lissafi har kilomita 5. Babu igiya? Tsakuwa goma a aljihun dama, kana mayar da su hagu ɗaya bayan ɗaya, aikin ɗaya ne.

Sai dai taku yana gajarta a hawa, a yashi, a ciyawa mai tsawo, da kuma in kaya sun yi nauyi. Don haka a gwada da jaka a baya, a gwada a tudu, a rubuta duka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Agogo shi ne abokin igiyar. Wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo wata ƙa'ida a 1892 da har yau ake aiki da ita: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawa na mita 600. Tafiyar kilomita 10 mai hawan mita 600, awa uku ke nan, ban da hutu. Lissafin ƙaƙƙarfan mutum ne a hanya mai kyau, saboda haka ni nakan ƙara masa. Amfaninsa shi ne, in ka ƙiyasta minti arba'in zuwa rafi, ga shi an yi awa ɗaya da kwata babu rafi babu alamarsa, to ka tsaya. Wani abu ya karkace, kuma gara ka gane yanzu.

Fensir da ɗan littafi. Fensir, ba biro ba, domin biro yakan ƙi rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda. A ciki za ka rubuta digirin da ka bi, lokacin da ka tashi, da abin da ka wuce. Ranar da kai ya ɗaure, wannan rubutun ne zai mayar da kai wuri na ƙarshe da ka tabbatar da shi.

Na san tun ɗazu wani yana cewa, ai duk wannan yana cikin wayata. Gaskiya ne, kuma ban ce a bar waya a gida ba. GPS abu ne mai ban mamaki. Na'urar tana sauraron taurarin ɗan adam, aƙalla huɗu, ta lissafa inda kake. Tun watan Mayun 2000 da Amurka ta daina rage ingancin siginar da gangan ga farar hula, yana kai mutum 'yan mitoci kaɗan daga inda yake a fili. Ba ya buƙatar sabis. Taswirar da ke ƙarƙashin ɗigon da yake nuna inda kake a allo ita ce take buƙata, don haka a sauke ta tun a gida, in ba haka ba za ka ga ɗigo shuɗi a kan farin allo, ya ce ga ka nan, bai ce ina ne nan ɗin ba. A hanya a kashe sabis ɗin don batir ya daɗe, a riƙe fawa bank da igiyar caji. In kuma za a ɗauko lambobin wuri daga GPS a ɗora a takarda, a tabbatar tsarin ma'aunin biyun ɗaya ne. Yawancin na'urori suna kan WGS84, tsofaffin taswirori kuwa da yawa suna kan wani daban, bambancin kan kai mita ɗari ko fiye.

Abin da nake ƙi da waya ba mutuwar batir ba ne kawai, ko tsagewar gilashi, ko ɗaukewar da take yi in zafi ko sanyi ya yi yawa. Tana sa mutum ya daina kallon ƙasa. Mai bin ɗigo, ranar da allo ya yi baƙi, bai san ta ina ya shigo ba. Mai riƙe da taswira, babban yatsansa a kan inda yake yana matsar da shi yayin da yake tafiya, ko kamfas ya faɗi rami yana da labarin hanyar a kansa. Saboda haka ni takarda ce a hannu, waya a aljihu, nakan ciro ta in tabbatar.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Tocilar goshi da ƙarin batir, domin ba a karanta taswira a duhu, hannu biyu kuma suna da aiki. Usur, irin wanda ba shi da ƙwallo a ciki, don ruwa ba ya hana shi ƙara, kuma yana kai inda murya ba ta kai bayan maƙogwaro ya bushe. Busa uku a jere alama ce ta neman taimako da aka sani a wurare da yawa. Ma'aunin tsayi yana da amfani ga masu hawan tsaunuka, amma da nauyin iska yake aiki, yanayi na sauyawa shi ma ya sauya, sai ana sake saita shi a wurin da aka san tsayinsa.

Yanzu ku ga yadda nake shirya su. Taswira a ledarta, a aljihun ƙirji ko na cinya. Kamfas da usur a igiya. Igiyar ƙirga taku a madaurin kafaɗa inda hannu yake kaiwa ba tare da an tsaya ba. Littafi, fensir biyu, tocila da batir a wannan 'yar jakar, ita kuma a aljihun sama na babbar jaka, ba a ƙasan kaya ba. Kamfas na biyu, ƙarami amma na gaske, a wani wuri daban.

Takarda ta ƙarshe ba ta bin ka. Kwafin taswirar ce, an zana hanyar da fensir, an rubuta sunayen masu tafiya, lokacin tashi, lokacin da ake sa ran dawowa, da ƙarfe nawa ne in ya wuce ba a ji daga gare ku ba za a nemi taimako. Ita a hannun wani na gida za ka bar ta, ka kuma tsaya ya karanta a gabanka kafin ka saɓa jaka.