Tsohon Izmir da Kalmar Lahadi: Jawabi a Taron Ƙungiyarmu a Sifaniya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, shugaba. Allah ya gafarta Malam, limaminmu. Iyayenmu maza da mata, da 'yan uwa da suka taso tun daga Balansiya da Saragosa da Almeriya, wasu ma daga aikin dare suka wuto nan ko runtsawa ba su yi ba, sannunku da ƙoƙari. Allah ya bar zumunci.

An ce in yi magana a kan 'ya'yanmu da takardunsu. Zan ɗan zaga kafin in iso wurin, ku yi haƙuri da ni.

A shekarar 2018 na je ofishin notariyo, wato jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance, in sa hannu a takardar wakilci. A ɗakin jira na tarar da wani dattijo, zai haura saba'in da biyar, da jikarsa budurwa a gefensa. Ya rungume wata jakar fata a ƙirji kamar mai tsoron a fizge. Muka gaisa, hira ta shiga. Daga Izmir ta Turkiyya suka zo. Sifaniyanci yake yi, ina ganewa, amma wani iri ne, kamar tufar da ta daɗe a ƙasan adaka. Inda mutanen nan ke cewa "hacer", shi "fazer" yake cewa. Na tambaye shi yaushe suka sauka, ya ce ran "alhad". Na ce, na'am? Ya sake faɗa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, domin Lahadi yake nufi. Kalmar Larabci ce da kakanninsa suka ɗauka a Andalus, wato Sifaniya ta zamanin mulkin Musulmi, mu kuma ta iso mana ta hanyar malamai da fatake, ga mu mun haɗu a kanta a benci ɗaya.

Da ya ga na sake da shi, sai ya buɗe jakar. Takardar auren kakansa ce a ciki, wadda suke kira ketuba, da baƙaƙen Ibrananci, an zagaye ta da zanen furanni, gefunanta duk sun cinye. Ya bi da yatsa yana nuna mini: nan sunan ango da na ubansa, nan na amarya da na ubanta, nan abin da aka yanka mata, nan shaidu. Wannan takarda da wannan harshe na bakinsa, su ya kawo wa Sifaniya a matsayin hujjar cewa shi ɗan gida ne.

Ga asalin labarin. A ranar 2 ga Janairun 1492 Garanada ta faɗi, daular Musulmi ta ƙarshe a ƙasar nan. Ba a yi wata uku cikakku ba, ranar 31 ga Maris, Sarki Fernando da Sarauniya Isabel suka sa hannu a kan dokar da ta ce kowane Bayahude ko ya shiga Kiristanci ko ya fita kafin ƙarshen Yuli. Don ku ji nisan abin a jikinku: a wannan shekara Muhammadu Rumfa ne a kan gadon sarautar Kano. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa sai bayan shekara fiye da 250 aka haife shi.

Suka watse. Wasu suka tsallaka Fotugal, can ma bayan 'yan shekaru aka tilasta musu sauya addini. Wasu suka haye ruwa zuwa Fas da Tetuwan. Da yawa suka nufi Daular Usmaniyya, inda Sarki Bayazid na Biyu ya buɗe musu ƙofa, suka zauna a Istanbul da Izmir da Salonika da Sarayebo. A can suka ci gaba da yin harshen ƙasar da ta kore su, a kasuwa, a waƙar reno, a gidan biki da gidan makoki. Shi ake kira Ladino. Salonika ta zama kusan garinsu, har zuwa 1943 da 'yan Nazi suka kwashe Yahudawan birnin, mutum fiye da 40,000, zuwa sansanin kisa na Auschwitz, kaɗan ƙwarai suka dawo. Harshen ya ji jiki sosai a wannan bala'i, amma bai mutu ba, tunda ga shi na ji shi da kunnena.

A watan Yunin 2015, shekara 523 bayan korar, majalisar Sifaniya ta yi doka mai lamba 12/2015. Ta ce jikokin waɗanda aka kora su zo su karɓi shaidar zama 'yan ƙasa. Ba sai sun zauna a nan ba, ba kuma sai sun ajiye fasfon da suke riƙe da shi ba. Abin da aka nema shi ne hujjar asali: shaida daga tarayyar al'ummomin Yahudawan Sifaniya ko daga malaman addininsu, sunan dangi, takardun haihuwa da na aure, da amfani da Ladino ko Haketiya, wato irin na Maroko, a matsayin harshen gida. Sai jarrabawar harshe da ta sanin ƙasa, irin wadda da yawa daga cikinmu suka zauna, mai tambaya 25 a ci 15. Sannan mutum ya zo da ƙafarsa gaban notariyo. A ƙarshen Nuwamban wannan shekara Sarki Felipe na Shida ya tara wakilansu a fada ya ce musu, "Mun yi kewarku ƙwarai." Kafin a rufe ƙofa ranar 1 ga Oktoban 2019, an shigar da buƙata kimanin 132,000, galibi daga Meziko da Benezuwela da Kolombiya. Ba kowa ya samu ba. An ƙi da yawa daga baya da aka tsananta bincike. Fotugal ma ta yi irin dokar a 2015, ta kuma ƙara ɗaure ta a 2022 bayan surutun da ya tashi da aka ji attajirin Rasha Roman Abramovich ya samu fasfo ta wannan hanya.

Na ga wasu fuskoki sun sauya tun da na ambaci Yahudawa, kuma na san inda zuciya ta tafi. Tawa ma tana can. Isra'ila tana da Dokar Komawa tun 1950, wadda ta ba kowane Bayahude damar zuwa ya zama ɗan ƙasa, alhali Bafalasɗinen da aka fitar daga ƙauyensa a 1948 yana sansani da mabuɗin gidansa, jikokinsa ba su da hanyar komawa. Wannan zalunci ne, kuma ba zan kira shi da wani suna ba. Amma dattijon da na gani ba shi ya kori kowa ba. Kakanninsa aka kora, daga ƙasa ɗaya da Musulmi, a hannun sarauta ɗaya. Na taya shi murna da zuciya ɗaya, kuma har yau ina taya shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rabin gyaran da aka yi. Tsakanin 1609 da 1614 Sarki Felipe na Uku ya kori jikokin Musulmin Andalus, waɗanda ake kira Moriskawa, mutum kusan 300,000. Zuriyarsu na nan a Rabat da Tetuwan, da garin Testur a Tunisiya, wasu da sunayen danginsu na Andalus har gobe. Sun roƙa a yi musu abin da aka yi wa Yahudawa, ba a yi ba. Ɗaya daga cikin dalilan da ake kawowa shi ne wai su ba su riƙe harshen ba. Dalilin bai gamsar da ni ba, domin wanda aka kora an kore shi, ko da wane harshe jikansa ke kuka. Amma ku lura da abin da aka fake da shi. Ranar da aka zo rabo, harshe da takarda aka tambaya.

To, yanzu na iso gida.

Mu nan ba wanda ya kore mu. Da ƙafarmu muka fito neman halali, kuma ƙofar gida a buɗe take. Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya ya ce ɗan da aka haifa a waje ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Gana da Nijar ma yanzu sun yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Abin da wasu suka jira shekara 523, mu yana hannunmu, amma nawa ne a ɗakin nan suka kai 'ya'yansu ofishin jakadanci aka rubuta su? Muna ƙirga shekara goma ɗin da dokar nan ta ɗora mana kafin mu nemi jan fasfon Sifaniya, muna ƙirga shekara ɗaya ta yaran da aka haifa a nan, kuma daidai ne, haƙƙinmu ne, mu nema. Ɗaya ɓangaren ne muka bar shi ga "in Allah ya kai mu hutu".

Kun tuna ɗan uwanmu da muka yi wa sutura shekaru biyu da suka wuce, Allah ya jiƙansa ya kyauta namu zuwan. Ni aka wakilta in zauna da babban ɗansa a kan maganar gado. Yaro mai hankali, mai ladabi, yana jami'a. Na tambaye shi sunan unguwar da gidan kakansa yake, ya yi shiru. Na tambaye shi sunan kakan, ya ce Alhaji. Da muka kira baffansa a waya, ni na zama tafinta tsakanin ɗa da ƙanin ubansa, baffan yana kuka a can, yaron yana kallon bakina a nan. Ban ga laifin marigayi ba, aikin gona a cikin rumfunan leda ya cinye masa dare da rana kamar yadda yake cinye namu. Amma tsara ɗaya ce tak, jama'a.

Kuma ba sai mun je Izmir neman misali ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka ci gaba gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka kafa gari a bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan. Yau shekara fiye da ɗari, ka je Mai Wurno ka yi sallama da Hausa, da Hausa ko Fulatanci za a amsa maka, kuma tsofaffi za su gaya maka garin da kakansu ya baro.

Don haka ga roƙona, ranka ya daɗe. Ƙungiya ta buɗe littafi, kowane magidanci ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da na kakansa, haka na uwar gida, da gari da unguwa, da sunan mutum biyu a gida da za su shaide shi. Kowa ya ɗauki hoton takardar aurensa da takardun haihuwar yara, a ajiye kwafi wurin sakatare, a aika ɗaya gida. Masu iyaye da rai, ku kunna waya ku sa su ba da tarihin gida da bakinsu, ku adana muryar. Iyayenmu mata, ku ne kan gaba a nan, domin dattijon nan ya gaya mini a wurin kakarsa ya koyi harshen, tana tuya yana riƙe mata kwano. Ajin Hausa na ranar Asabar da muka daɗe muna cewa za a fara, ni na ɗauki sa'a biyu bayan la'asar, ina neman mutum biyu su kama mini, mace da namiji.

Sakatare ya ajiye littafin a teburin da ke bakin ƙofa, da biro biyu. Na riga na rubuta nawa a shafin farko. Masu komawa nesa a bar su su fara, kada motar ƙarfe shida ta wuce su.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.