Hawan Dutsen Floya Kafin Rana Ta Yi Mana Sallama

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska da kuke ji, ba laifin makirfo ba ne. Muna tsakiyar watan Nuwamba, a Tromso, can ƙuryar arewacin Norwe, kusan kilomita 350 bayan layin Aktik, wato iyakar yankin da rana kan ƙi fitowa gaba ɗaya a tsakiyar lokacin sanyi. Wancan garin da kuke hangowa a ƙasa, a kan tsibiri, shi ne Tromso ɗin. Mu kuma muna tsaye a Storsteinen, mita 421 sama da teku. Motar nan mai tafiya a kan igiyar ƙarfe, Fjellheisen, ita ta hauro da mu cikin minti huɗu ko makamancin haka. Tun 1961 take wannan aiki. Akwai matakala ta duwatsu sama da 1,200 da magina 'yan Sherpa daga Nepal suka shimfiɗa, amma yanzu ƙanƙara ta lulluɓe ta, ga santsi, ni kuwa ina son gwiwoyina.

Inda muka nufa shi ne ƙololuwar Floya, mita 671. Wato saura mita 250 na hawa. A baki kamar wasa.

Bari in nuna muku abin da ke ƙafata. Wannan faffaɗan abu na roba da ƙarfe a ƙarƙashin takalmin ake ɗaura shi. Yatsun ƙafa kawai ke manne, dunduniya a sake take, tana ɗagawa tana komawa. A ƙasansa akwai haƙora na ƙarfe masu cizon ƙanƙara. Aikinsa ɗaya ne: ya baza nauyin mutum a kan fili mai faɗi don kada ya nutse, yadda tafin raƙumi ke hana shi lumewa cikin rairayi. Ku duba, bari in cire ɗaya in taka. Kun gani? Har gwiwa. Haka mutum zai yi ta zaro ƙafa yana sake binne ta, kafin rabin awa ya gama galabaita. Tafiya da shi sai an ɗan buɗa ƙafa, in ba haka ba ka taka ɗaya da ɗaya ka kifa. Juyawa baya ita ce abin dariya, ba a yin ta da gaggawa.

Abokin tafiyata ɗan nan garin ne, wurin aiki muka haɗu, ba ya son kyamara, don haka bayansa kawai za ku riƙa gani. Kafin mu ɗaga ya sa na cire babbar rigar sanyi na cusa a jaka. Na ce masa malam, sanyi fa nake ji. Ya ce haka ake so, a fara tafiya ana ɗan jin sanyi. Kuma gaskiyarsa. A wannan hawa gumi ya fi sanyi haɗari. In ka jiƙe, da zarar ka tsaya iska ta buge ka, jiki zai huce nan take. Shi ya sa ba a sa auduga a jikin fata, tana riƙe ruwa ba ta saki. Ulu ake sawa, ko ya jiƙe yana ɗumi. Singiletin da na zo da su daga gida suna cikin akwati, hutu suke yi har bazara.

Mutane na yawan tambayata ko sanyin nan ba ya kisa. Abin mamaki, Tromso ba ta kai wurare irin su Saberiya tsanani ba, duk da nisanta a arewa. Ruwan ɗumi da ke gangarowa ta Tekun Atlantika ne ke sassauta ta, har tashar jiragen ruwan ba ta daskarewa. A nan sama dai akwai iska, ita ke yanka fuska.

Dusar ƙanƙarar wannan lokaci ba ta gama zama ba. Wani wuri iska ta share ta har dutse ya fito, ƙarfen ƙafarka na ƙara a kai. Taku uku gaba kuma ta tara ta a kwari, ta rufe ramukan da ke tsakanin duwatsu, ba ka sanin akwai rami sai sandarka ta shige. Don haka sanda kan gaba, ƙafa na biye. Ga kuma batun zaftarewar ƙanƙara, wanda a wannan yanki ba a wasa da shi. A watan Janairun 2019 mutum huɗu masu wasan zamiya suka rasu a Tamokdalen, nan cikin lardin Troms. Akwai manhajar Varsom da ke ba da matakin haɗari daga 1 zuwa 5, amma sanarwar kullum sai 1 ga Disamba take farawa. Yau idonmu ne jagora. Ƙa'idar da abokina ya ba ni ita ce mu guji duk gangaren da ya kai digiri 30, kuma kada mu tsaya a gindinsa. Hanyar Floya shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa ya zaɓa mini ita.

Tsaya, tsaya. Kun ga abin da ya tashi? Tsuntsuwa ce dangin fakara. Da rani ruwan ƙasa ce, yanzu ta rikiɗa fara fat. Saura kaɗan in taka ta.

To, ga abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan tafiya: agogo. Ku dubi rana. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, tsakar rana ke nan a nan, amma tana can maƙale a bakin duwatsun kudu, ko kamu ɗaya ba ta yi sama ba. Bayan tara ta fito, kafin biyu ta faɗi. Daga wajen 27 ga Nuwamba ba za ta sake leƙowa ba sai tsakiyar Janairu. Duk lissafin hawan nan a kan haske yake, ba a kan ƙarfin mutum ba. Kowa da fitilar goshi a jaka, ko da ya fito da hantsi.

Sallah ma haka. Azahar ta shiga yanzu, kafin ka gama shan shayi La'asar ta iso, Magariba na biye da ita wajen ɗaya da rabi. Alwalata tun daga gida na riƙe ta, don cire safar hannu a nan jarumta ce. Alƙibla kuma ba gabas ba ce yadda muka saba, kudu ake fuskanta a ɗan karkata gabas. Idan rana ta ɓace gaba ɗaya, jama'ar masallacin Alnor da ke cikin gari lokutan Makka suke bi. Bari in ajiye kyamara, ina zuwa.

Alhamdu lillahi, ga mu a ƙololuwa. Numfashina kuke ji, ku bar ni in huta. Yanzu ne lokacin babbar rigar. Wancan dogon dutsen mai ƙyalli shi ne Tromsdalstinden, mita 1,238, wanda mutanen Sami, asalin mazauna wannan yanki, suke girmamawa tun kaka da kakanni. Hawansa dai ba aikina na yau ba ne, ba na bana ba ma. A can gefe tsibirin Kvaloya ne da jerin tsaunukansa, ga gadar Tromso da aka buɗe a 1960 ta zama kamar zare. Sararin sama ya yi ruwan hoda ta kudu, ta arewa kuma shuɗi mai duhu, kyamarar nan ba ta nuna ko rabinsa.

Abokina ya ce minti goma kawai muke da shi, yana nuna mini agogo. Shayin citta ne a fulas ɗin nan, shi ya zo da cakulan Kvikk Lunsj, abin da 'yan Norwe ba sa hawa dutse babu shi. Mun yi musaya, citta ta sa shi tari.

Batirin waya ya faɗi daga rabi zuwa ja, sanyi ne ke shanye shi, dole in mayar da ita aljihun ciki kusa da jiki. Saukowa ta fi wuya ga gwiwa, kuma hannu biyu nake buƙata ga sanduna. Masu tambaya a kan kayan da na sa, ku rubuta a ƙasa, zan amsa in na isa gida na narke. Sai an jima.