Tankar Yaƙi a Cikin Kwalin Wasan Yara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye, malamai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da haɗuwa.

Na san da aka ce laccar yau a kan kayan wasan yara ce, akwai wanda ya ce a ransa: duk matsalolin da suka dabaibaye duniya, an rasa abin da za a tara manya a kansa sai bulon roba? To, a ba ni aron kunne. Tambayar da na zo da ita ita ce: kamfanonin da ke ƙera 'yan bulullukan nan da yara ke harhaɗawa su gina gida ko mota, ya dace su riƙa fitar da kwalin tankar yaƙi, da na jirgin jefa bama-bamai, da 'yan sojoji riƙe da bindigogi? Amsata ita ce bai dace ba. Amma dalilina ba shi ne wanda aka saba ji ba, don haka sai mun ɗan bi ta tarihi.

Babba a wannan sana'a shi ne kamfanin LEGO. Wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a garin Billund na ƙasar Denmak. A 1932, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, aikin kafinta ya ja baya, sai ya koma sassaƙa kayan wasa na katako. A 1934 ya raɗa wa kamfanin suna, daga kalmomi biyu na harshensu masu ma'anar "yi wasa da kyau". Ranar 9 ga Afrilun 1940 sojojin Jamus suka mamaye Denmak, ba su fita ba sai watan Mayun 1945. Ke nan iyalin nan sun ga baƙon soja a ƙasarsu shekara biyar, gani ya kori ji. Duk da haka, a shekarar da yaƙin ya ƙare, kamfanin ya fitar da ƙaramar bindigar wasa ta katako, ana kiranta bindigar zaman lafiya, kuma ta yi kasuwa. Na kawo wannan ne don mu san cewa tun ranar farko ana ja-in-ja tsakanin abin da zuciya take ƙi da abin da kasuwa take so.

Bulon roba ya zo a 1949. A 1958 suka yi rajistar dabarar da ta sa bulo yake kama ɗan'uwansa gam, 'yan kawuna a sama, 'yan bututu a ƙasa. A 1978 aka fito da 'yan mutum-mutumin nan masu rawayar fuska da murmushi. A shekarar ce kuma aka fitar da kwalin wata fada mai ganuwa, da barade da takubba da garkuwoyi. Ganuwar dutse ce, amma sai aka yi ta da rawayen bulo. Masu bin tarihin kamfanin suna danganta hakan da gudun kada yara su sami bulo mai ruwan toka da yawa su gina tankoki da shi.

Sannu a hankali ƙofa ta ci gaba da buɗewa. A 1989 ga 'yan fashin teku da bindigogi da igwa. A 1996 ga kaboyi da sojojin doki na Amurka. A 1999 suka karɓi lasisin fim ɗin Star Wars, labarin da sunansa ma yaƙi ne. A 2001 suka fitar da Sopwith Camel, jirgin yaƙin Ingila na Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 2008 kwalayen fim ɗin Indiana Jones suka zo da sojojin Jamus, sai dai an cire musu tambarin 'yan Nazi. Wasu masu bincike a Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan, ƙarƙashin Christoph Bartneck, sun zauna sun ƙirga, suka wallafa sakamakon a 2016: kusan kashi 30 cikin 100 na kwalayen kamfanin a lokacin suna ɗauke da aƙalla makami ɗaya.

To ina iyakar take? Kamfanin ya rubuta ta a rahotonsa na 2010: zai guji makamai da kayan soja na zahiri, irin waɗanda yaro zai iya ganewa daga wuraren da ake rikici a duniya. An gwada wannan magana a 2020. Sun gama ƙera kwalin jirgin V-22 Osprey, wanda kamfanonin Bell da Boeing suke yi, jirgin da ke tashi tsaye kamar mai saukar ungulu, sannan ya karkatar da farfelarsa ya yi gudu kamar jirgin sama. An yi masa fentin jirgin ceto, an buga kwalaye, an fara kai su shaguna, saura 'yan kwanaki a fara sayarwa ranar 1 ga Agusta. Sai wata tsohuwar ƙungiyar masu rajin zaman lafiya a Jamus ta tashi ta ce jirgin nan babu mai amfani da shi sai soja, kuma lasisinsa na masu ƙera makamai ne. Kamfanin ya amsa cewa haka ne, ya janye kwalin, ya ɗauki asarar.

Mutane da yawa sun kira wannan munafunci, kuma maganarsu tana da nauyi. Suka ce takobi ba ya kisa ne? Igwar 'yan fashin teku furanni take harbawa? Don me za a yarda da jirgin yaƙin 1917 a hana na yau? Suka ƙara da cewa kasuwar ma ai tana nan, ko LEGO ya shiga ko bai shiga ba. Kariyar da doka ta ba dabarar bulon ta daɗe da ƙarewa, kowa na iya yin irinsa. COBI a ƙasar Folan yana yin tankoki da jiragen Yaƙin Duniya na Biyu da na zamani. Brickmania a birnin Minneapolis na Amurka yana sayen bulon LEGO na asali ya haɗa kwalayen soja da shi. BrickArms yana ƙera 'yan bindigogi daidai hannun 'yan mutum-mutumin nan. Sluban na ƙasar Sin da Oxford na Koriya ta Kudu duk suna yi.

Akwai kuma hujjar da ta fi taɓa ni, ta ɗan soja. Yaro ubansa soja ne, yana kwana a daji don wasu su yi barci a gida. Ya shiga shago ya ga kwalin ɗan sanda, ga na ɗan kwana-kwana, ga na likita, amma babu na sana'ar ubansa. Me muka gaya masa? Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, zan dawo kanta.

Sai in fara da abin da na yarda da su a kai. Yaro zai yi wasan yaƙi, ka so ko ka ƙi. Na gani a ɗakina. Ɗana yana ɗan shekara huɗu, ban taɓa saya masa bindigar wasa ba, ya ɗauki bulo biyu, dogo da gajere, ya haɗa su a kusurwa, ya auna ni. Ban tsawata masa ba. Na faɗi ƙasa, ya yi dariya, sai kuma ya rugo ya ɗaga ni yana tambaya ko na ji ciwo. Bayan minti biyar bindigar ta zama waya yana kiran likita, daga baya ta zama gada. A wasa yaro yake gwada tsoro da ƙarfi da mutuwa, abubuwan da ba shi da kalmomin faɗinsu tukuna. Don haka ban zo in ce muku wanda ya haɗa tanka zai tashi mai zubar da jini ba. Binciken Canterbury ɗin ma abin da ke cikin kwalaye ya ƙirga, bai auna halin yara ba.

Amma ku lura da abin da ya faru a hannun yaron nan. Shi ya ƙirƙiri bindigar, shi ya rushe ta. Labarin nasa ne daga farko har ƙarshe, kuma a cikin labarin nasa akwai wanda aka harba, akwai kuka, akwai likita. Yanzu ku kwatanta da kwalin tanka mai bulo ɗari biyar ko dubu. Yana zuwa da littafin haɗawa, mataki na ɗaya har na ƙarshe. Yaro zai shafe sa'o'i yana bin umarnin wani babba da bai taɓa gani ba. In ya gama ba zai rushe ba, don ya sha wuya a kanta, sai a ɗora ta a kan kanta ana kallo. Ya haddace sunanta, da ƙasar da ta ƙera ta, da faɗin bakin igwarta. Ku juya kwalin gaba da baya. Za ku ga tanka tana sheƙi, ƙura na tashi a bayanta. Ba za ku ga gidan da ta rusa ba, ko uwar da ke tono da hannu a cikin ɓaraguzai. Ba kuma za a taɓa saka su ba, domin ranar da aka saka, babu uban da zai saya. An ba yaro rabin yaƙi, rabin da ke da kyan gani, aka ɓoye masa sauran.

Wani zai ce ai barde mai takobi ma haka ne, ba a nuna gawa. Gaskiya ne. Bambancin shi ne babu yaro ko ɗaya a doron ƙasa yau da barden ƙarni na 13 ya mayar maraya. Babu wanda ke firgita cikin dare saboda ƙarar igwar 'yan fashin teku ta shekara 300 da suka wuce. Waɗannan sun riga sun shiga sahun tatsuniya. Amma jirgi marar matuƙi, da tankar zamani, da bindigar da ake gani a labarai kullum, akwai yara masu rai da suka san ƙararsu kafin su san baƙaƙen karatu. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 waɗanda aka raba da muhallinsu sun haura miliyan 100, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na irin waɗannan mutane yara ne. Bulon nan ana sayar da shi a ƙasashe sama da 100. Kwalin da ya zama abin sha'awa ga wani yaro, ga wani hoton ranar da ya rasa mahaifinsa ne. Shi ya sa nake ganin iyakar da LEGO ya shata, duk da karkacewarta, a wurin da ya dace take. Ba su kaɗai suka bi wannan hanya ba. A Suwidin, a 1979, 'yan kasuwar kayan wasa sun yi yarjejeniya da hukumomi cewa za su daina sayar da kayan wasan da ke kwaikwayon yaƙin zamani, wato daga yaƙin 1914 zuwa gaba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damuna. Idan kwali ya ɗauki sunan jirgi na gaske da tambarin kamfanin da ya ƙera shi, to da izinin kamfanin aka yi, kuma ya sami talla a ɗakin kwanan yaro. Ba zato nake yi ba cewa masu harkar yaƙi suna neman hanyar shiga zukatan matasa. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta fitar da wasan kwamfuta mai suna America's Army a 2002, kyauta, da kuɗin gwamnati, don jawo matasa su shiga soja, kuma ya yi shekara 20 yana aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba na son kwalin wasan ɗan shekara bakwai ya zama wannan tsagar.

Batun ɗan soja kuwa, in ana son a girmama ubansa, akwai hanya. Soja yana gina gada bayan ambaliya, yana kai magani inda mota ba ta zuwa, yana tone nakiyoyin da aka binne don manoma su koma gonakinsu. Amma ku duba kwalayen sojan da ke kasuwa ku gaya mini kashi nawa ne na wannan, kashi nawa ne na igwa. Abin da ake tallatawa ƙarfen ne, mutumin da ke cikinsa ƙari ne kawai.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, Malama.

Tambayarta ita ce: manya fa, masu tara irin waɗannan kaya don son tarihi? Kuma idan an kawo wa yaronka kyautar kwalin tanka, ya za ka yi?

Na gode, Malama. Babba mai shekara arba'in da ke haɗa jirgin Yaƙin Duniya na Biyu, ya karanta yadda bama-bamai suka rusa biranen Dresden da Hiroshima, ya san abin da ke hannunsa. Wannan ba ni da ja da shi, matuƙar an rubuta shekarun a jikin kwali, an ajiye shi a sashen manya, ba a jera shi kusa da motar kashe gobara ta 'yan shekara biyar ba. Ƙananan kamfanonin da na lissafa, in sun tsaya a nan, da sauƙi. Wanda nake roƙon ya riƙe matsayinsa shi ne babban kamfani, wanda uwa ke ɗaukar kwalinsa ba tare da ta duba ba saboda ta amince da sunan.

Kyauta kuwa, ba zan ƙwace ba, ba zan jefar ba. In ka ƙwace, ka ƙara mata daraja a idonsa. Zan zauna a ƙasa mu haɗa tare. In mun gama sai in tambaye shi: mutum nawa ne a ciki? Suna da 'ya'ya? Wannan gidan da ta auna, wa ke kwana a cikinsa? In bar shi ya amsa da kansa, ba zan yi masa wa'azi ba. Bayan kwana biyu kuma sai mu wargaza ta, mu zuba bulullukan cikin babban kwando tare da sauran, littafin haɗawar in ɗaga shi sama. Ƙafafun tankar nan masu sarƙa, su ne dai ƙafafun katafila.

Akwai wata tambayar? Bismillah, Alhaji, a miƙa masa makirfon.