Kuran ba ya manta hanyar gida: lacca kan hayaniyar lantarki a kwas ɗin injiniyoyi, Damagaram

Assalamu alaikum. Malamai, ku matso gaba, na baya ba sa ji. Darasin yau shi ne abin da littattafanku suke kira CEM. Da Hausa, zaman lafiya tsakanin na'urori: taka kada ta dami ta maƙwabci, ta maƙwabci kada ta rikita taka. Abu huɗu zan faɗa: mafarin hayaniya, hanyar da take bi, garkuwa, sai awo.

Kowa ya san wannan hayaniya. A ajiye salula kusa da amfilin masallaci, kafin kira ya shigo lasifika ta fara dit-dirit-dirit. GSM ke nan, yana watsa saƙonsa gutsi-gutsi sau 217 a daƙiƙa, amfili ya tsinta. Ko a kunna ampul ɗin LED mai araha daga Kasuwar Dole, rediyon tsoho ya koma shuuu, ya ce jikoki ne suka taɓa masa. (dariya)

Na farko, mafari. Abin tsoro a siginar dijital kaifin gefenta ne, wato saurin hawanta daga sifili zuwa sama. Ku raba 0.35 da lokacin hawa. Idan nanodaƙiƙa 1 ne, hayaniya ta kai megahaz 350, ko da agogon naka, wato siginar da ke ba na'ura bugun lokaci, megahaz 8 ne kacal. Maganin mai arha ne: rezistans na om 33 a jere, daf da ƙafar da siginar take fita.

Na biyu, kuma a nan zan zauna. Kuran, wato wutar lantarki, ba ya tafiya bai dawo ba. Ku rubuta. Duk abin da ya fita daga batir ko daga ƙafar guntun lantarki, dole ya koma inda ya fito. A kan zane muna sa ƴar alamar mas a ƙasa, wato layin sifili da kuran yake bi ya koma, mu ɗauka kuran ya faɗa rijiya ya ɓace. Babu rijiya. Komawa yake yi, sai dai ka san ta ina, ko ba ka sani ba.

A haz 50 na gidajenmu, yana bin hanyar da ta fi ƙarancin rezistans. Da mita, wato yawan bugun siginar a daƙiƙa, ta haura zuwa megahaz, sai ya sake hali, ya bi ta ƙarƙashin layin da ya fito, kamar inuwa. Me ya sa? Nan ne zoben tafiya da dawowa ya fi ƙanƙanta. Wannan zoben eriya ce. Abin da take watsawa yana ƙaruwa da faɗin filin da ta kewaye, idan kuma ka ninka mita sau biyu, ya ninku sau huɗu.

To ga katin lantarki mai fuska biyu, ƙasansa duk jan ƙarfen mas. Ka rasa inda za ka bi da layi ɗaya, sai ka tsaga mas ɗin ka wuce da shi ta tsakiya, tsagar santimita 5. Layin agogo ya ƙetare ta sama. Kun ga ruwan damina a lungunan Birni idan wani ya gina katanga a kan hanyarsa? Ba ya tsayawa, gidan maƙwabci yake shiga. Haka kuran zai kewaye tsagar, zobe ya buɗe, kati ya zama gidan rediyo ba lasisi. Kada layi mai sauri ya ƙetare tsaga. In da hali, yi kati mai hawa huɗu, hawa ɗaya sukutum na mas ne, ba a taɓa shi. I, malam, na san ya fi tsada. Sake buga katin gaba ɗaya ya fi shi.

Har yanzu a na biyu muke. Kondansata, ɗan ma'ajin wuta na nanofarad 100 da kuke sa wa kowane guntu. Kowace milimita ta waya tana da wajen nanohenri 1, wato ma'aunin yadda waya take tare kuran mai sauri. Ka ajiye shi santimita 2 daga ƙafa, ka ƙara nanohenri 20, ya daina aikinsa tun wajen megahaz 3 da rabi, daga nan ya koma bobin, wato nannaɗaɗɗiyar waya mai tare kuran mai sauri. A megahaz 100 wannan ɗan layin ya fi om 12. An saya, an liƙa, yana nan kamar mai gadin da yake barci. Ku manna shi jikin ƙafar, ramin da zai sauka mas kuma a gefensa.

Sai kabul. Yawancin na'urorin da suke faɗuwa a gwaji, wayoyin da suka fito daga cikinsu ne suke kayar da su. Idan ɗan kuran ya ɓalle ya bi duka wayoyin kabul ta fuska guda, bai dawo ta cikinsu ba, mikro'amfiya 5 kawai a kan kabul na mita 1, a megahaz 50, ya isa ya kai ka iyakar da aka yanka wa kayan gida. Mikro, ban ce mili ba. Wannan kumburin da kuke gani a wayar cajar kwamfuta, ferit ne, aikinsa ke nan. Komawa gida dai, komawa gida.

Ina muke, na uku ko na huɗu? Lokaci ya tafi, bari in haɗa su. Akwatin ƙarfe garkuwa ne, amma tsawon tsaga ne yake zubar da hayaniya, don haka ƙananan ramuka da yawa sun fi doguwar kafa ɗaya. Rigar kabul a kama ta zagaye da jikin akwati, kada a murɗe ta kamar wutsiyar ɓera a ɗaura a ƙusa. Awo: abin da ya bi waya ana auna shi daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30, abin da ya bi iska daga megahaz 30 zuwa sama. Ga kuma tartsatsin jiki da muke sha da hunturu: ƙa'idar IEC 61000-4-2, galibi kilovolt 4 a taɓe, 8 ta iska. Ba ka da ɗakin gwaji? Lanƙwasa bakin kabul koaksiyal ya zama zobe na santimita 1, haɗa da osiloskop, ka bi katin da shi a hankali.

(Tambaya daga zaure: Ranka ya daɗe, ondilar sola ce take sa lasifika gurnani. An kafa sandar ƙasa, an zuba gishiri da gawayi, bai daina ba.)

Madalla. Ba zai daina ba. Sandar ƙasa ta kare rai ce da tsawa, kada ka cire ta. Amma wayar mita 10 zuwa sanda tana da wajen mikrohenri 10, a megahaz 30 kusan om 1,900 ke nan, hayaniya ba za ta bi ba. Jirgin sama ma ba shi da sanda. Hayaniyar ondila cikin ondila take son komawa. Wayoyin fano, ja da baƙa, a haɗe suke ko kowace da hanyarta a kan rufi? Kowace da hanyarta? To ka gani. Haɗa su, murɗa su tare. Zura su biyun cikin zoben ferit ɗaya, zagaye uku, daf da ondila. Filta a bakin fitar wuta, a ɗaure ta jikin akwatin kai tsaye. Wayar makirfo ta zama mai ƙafa uku ta XLR, a nisanta ta da ta wuta kamar santimita 30, in dole su haɗu su gitta juna, kada su jera. Kafin ka sayi komai, kunna amfilin da batir shi kaɗai, ondila tana aiki a gefe. In gurnani ya tafi, ta waya yake shigowa, filta za ka nema. In yana nan, koma kan wayar makirfo.