Amsoshin Tambayoyinku: Intabiyun makarantar likitanci, a ɗaga ko a haƙura da shi?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau wasiƙu uku muka ware kuma duk a kan abu ɗaya suke, wato intabiyun da makarantun koyon likitanci na Amurka da Ingila ke kiran ɗalibi kafin su ba shi gurbi. Mu nan gida mun saba da JAMB da jarabawar tantancewa ta jami'a, maki ya kai shikenan sai jiran suna, toh can ba haka abin yake ba, sai an zaunar da kai an ji bakinka tukunna.

Wasiƙar farko daga wata Hajiya ce mazauniyar Bronx a birnin New York. Ta ce 'yarta ta gama digirin farko, ta rubuta MCAT, wato jarabawar neman shiga makarantar likitanci a Amurka, ta tura takardu ta AMCAS, tsarin da ake cike fom ɗin makarantun ta cikinsa, makarantu huɗu sun kira ta intabiyu. Ta yi na farko kuma ta fito tana murna wai sun yi ta dariya tare da malaman, shi ne yanzu take cewa za ta soke sauran ukun don ta gaji kuma wajen aiki sun fara ƙorafin yawan neman hutu. Hajiya na tambaya, ta bar ta ta soke ɗin?

Hajiya kar ki bar ta, wallahi kar ki bar ta. Ai ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi. Dariyar da suka yi da ita ba adimishan ba ce, wanda ya zauna da ita ma sau da yawa ba shi ke yanke hukunci ba, rahoto kawai zai rubuta ya miƙa wa kwamiti, kwamitin kuma na iya cewa an ɗauke ta, ko a saka ta a jerin masu jira, ko a ce a'a. Duk shekara mutum sama da 50,000 ke neman shiga makarantun likitanci masu ba da digirin likita na MD a Amurka, waɗanda ke shiga kuwa wajen 23,000 ne, kin ga ko rabi ba su kai ba. Akwai ɗaliban da za su cike fom na makaranta ashirin ba wadda ta ko kira su, ita an kira ta sau huɗu sannan ta ce ta gaji? Gajiyar nan a daure ta. Yawancin makarantun ma tun zuwan korona a 2020 suka koma yin intabiyu ta Zoom, ba maganar kuɗin jirgi da otal kamar da, wuni ɗaya ne za ta roƙa a wajen aiki.

Ga lokacin da za ta iya sokewa da hujja. Makarantun da ke bin tsarin AMCAS ba sa fara sanar da waɗanda suka ɗauka sai daga 15 ga Oktoba, in ban da masu shirin yanke hukunci da wuri da ke jin nasu zuwa 1 ga Oktoba. Toh in takardar ɗauka ta shigo hannunta a rubuce, sai ta zauna ta dubi kowace makarantar da ta rage ta tambayi kanta tsakani da Allah, in waɗannan ma sun ɗauke ni zan bar wadda ke hannuna in tafi can? In amsar ita ce a'a ko da kyauta ne, to ta soke, ta ma yi taimako domin gurbin intabiyun zai koma ga wani da ke can yana duba imel dare da rana. In kuwa akwai ko ɗan shakku ta je ta yi.

Kuma na ce ko da kyauta ne ba don wasa ba, maganar kuɗi ita ce mutane ke mantawa. Bayanin tallafi da sikolashif galibi sai wajen Maris ko Afrilu yake fitowa, makarantar da kika raina a Nuwamba tana iya zama ita ce mai sauƙin kuɗi a Afrilu. Hajiya a Bronx ɗinku ma akwai misali, kwalejin likitanci ta Albert Einstein da ta samu kyautar dala biliyan 1 daga Ruth Gottesman a 2024 ta daina karɓar kuɗin karatu, makarantar likitanci ta jami'ar New York (NYU) kuma ta yi hakan tun 2018. Sannan dokar ba ta matsa mata ba, tana iya riƙe gurbi fiye da ɗaya, sai 15 ga Afrilu ake so ta rage su zuwa uku, 30 ga Afrilu ta tsaya a kan ɗaya. Toh gaggawar mece ce?

Sai wasiƙa ta biyu daga wani ɗan'uwa a Kano, ya ce ya yi digirinsa a Amurka ya dawo gida, makaranta ɗaya ta kira shi intabiyu ta intanet a ƙarshen Oktoba, amma yana ganin bai shirya ba, yana so ya roƙa a mayar masa Janairu don ya ƙara gogewa.

Malam, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Da yawa daga makarantun nan suna ɗauka ne suna tafiya, wanda aka gani a Satumba da Oktoba ana iya ba shi kujera tun kafin a ga na Janairu, kujerun kuma ba ƙaruwa suke yi ba. Kai kuma naka ma ya fi tsanani, don makarantun da ke karɓar ɗalibin da ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da katin zama 'yan kaɗan ne, waɗanda ke karɓar ma mutum nawa suke ɗauka, ga shi ba ka da damar bashin karatu na gwamnatin tarayyarsu, wasu har sai ka nuna kuɗin shekara ko na shekarun gaba ɗaya a ajiye. Mutumin da ke wannan layin bai kamata ya yi wasa da ranar da aka ba shi ba. Wata uku na ƙarin shiri ba zai canza ka ba, sati biyu na atisaye da gaske ya isa, ka samu wani ya zauna gabanka ya yi ta jefo maka tambaya, me ya sa likitanci, me ya sa makarantarmu, ya za ka yi da mara lafiyar da ya ƙi magani. In salon intabiyun da ake kira MMI ne, wanda jami'ar McMaster ta Kanada ta ƙirƙiro, tashoshi ne gajeru gajeru kowacce 'yan mintuna da mutum daban, in ka yi tuntuɓe a ɗaya ta gaba ba ta sani ba, shi ya sa ni nake ganin ya fi wa mai fargaba sauƙi.

Abin da ya kamata ka damu da shi kai da ke Kano shi ne wuta da netwok da agogo. A ƙarshen Oktoba tsakaninmu da New York awa 5 ne, daga Lahadin farko ta Nuwamba suna mayar da agogonsu baya ya koma awa 6, California kuma awa 9 a lokacin sanyi. Kenan ƙarfe 9 na safe a New York ranar Juma'a a Oktoba ƙarfe 2 ne na rana a Kano, daidai mutane na masallaci, in an ba ka zaɓin rana sai ka lura. Ka cika kwamfutarka da caji, ka tanadi layi biyu na kamfani daban daban, a zuba wa janareto mai amma a ja shi nesa da taga don kar ƙararsa ta shiga, a kuma gaya wa yaran gida ba mai buga ƙofa.

Amma fa akwai uzurin da ya isa a ɗaga, ban ce babu ba. Zazzaɓi ya kwantar da kai, ko an yi maka rasuwa, ko ranar ta haɗu da jarabawa ko wani intabiyun ko ranar Sallah. Wannan kam ka roƙa, don shiga da kai a hargitse ya fi ɗagawa illa. Ka rubuta da wuri, ka faɗi dalili a layi ɗaya ba sai ka kawo tarihin dangi ba, ka nemi rana mafi kusa, kuma sau ɗaya tak.

Ta ƙarshe wata ƙanwarmu ce daga Kaduna da ke neman Ingila, ta ce ranar intabiyunta a Disamba ta faɗa cikin satin bikin yayarta, ga kamu ga ɗaurin aure ga kai amarya, za su yarda su canza mata?

Ƙanwata, na Ingila ya fi na Amurka tsauri ta wannan fannin. Ta UCAS, wato tsarin neman gurbin jami'a a can, makarantun likitanci huɗu kawai aka yarda ki zaɓa, an rufe tun 15 ga Oktoba, kin rubuta UCAT, jarabawarsu ta neman shiga likitanci, ga kason da ake ware wa ɗaliban waje ɗan mitsitsi ne. In kin saki ɗaya kin zubar da kashi ɗaya cikin huɗu kenan, in ma duk huɗun sun kira ki. Kuma da yawansu suna rubutawa ƙarara a takardar gayyata cewa ba sa canza rana sai da babban uzuri irin rashin lafiya ko rasuwa, wani lokaci har da shaida. Oxford da Cambridge ma a 'yan kwanaki cikin Disamba suke gama nasu. Tambaya ba laifi ba ce, ki tura musu imel yau ɗin nan cikin ladabi, amma kar ki saki ranar da ke hannunki sai sun tabbatar da wata. In sun ƙi, ki samu Umma da amarya ki yi musu bayani, in ta intanet ne intabiyun, awa biyu ne za ki ɓace daga gidan biki, ki tafi gidan wata gwaggo inda ba kiɗa ba guɗa ki yi abinki ki dawo a ci gaba da hidima, 'yan ƙorafi kuwa dama ko kin zauna sai sun samu na faɗa.

Duk ku ukun, abu ɗaya da ba a yi shi ne a yi shiru ranar ta zo ba a gan ka ba. In za ka janye, imel mai layi uku ya isa, na gode da gayyata, na janye takarduna, Allah ya ba ku waɗanda suka dace. Ka yi shi da zarar ka yanke shawara ba daren intabiyu ba, don makarantar da ka yi wa ɓatan dabo yau tana iya zama asibitinta za ka nemi horon ƙwarewa bayan shekara huɗu.

Lokaci ya cim mana, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da turo tambayoyi, a huta lafiya.