Kunnen Doki a Wasan Ces: Waye Ya Ci, Waye Ya Yi Asara?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wani ɗalibi ya tambaye ni ɗazu, wai in an tashi canjaras a gasar ces, ashe ba a yi komai ba ke nan? A'a, an yi abu, kuma wani lokaci abin da aka yi babba ne.

A dokar FIDE, hukumar wasan ces ta duniya, kowa na samun rabin maki. Ana tashi haka idan 'yan wasan biyu suka amince, ko tsari ɗaya ya maimaitu a kan allo sau 3, ko kowa ya yi motsi 50 ba a ci ɗa ba kuma ba a motsa soja (mafi ƙanƙanta cikin 'ya'yan wasan) ba. Akwai kuma inda mai motsi ya rasa inda zai taka alhali ba a kai wa sarkinsa hari ba.

Amma rabin makin nan ba nauyinsa ɗaya ba. Ku saurara da kyau, nan ne zancen yake. Tsarin Elo, wanda FIDE ta ɗauka a 1970, yana ba kowane ɗan wasa makin da ke nuna ƙarfinsa, kuma da makin ne yake hasashen abin da kowa ya kamata ya samu. Mai makin Elo 2000 ya haɗu da mai 1800, ana sa ran ya kwashi kusan kashi 76 cikin 100. Ya tashi da rabi kawai, to a ƙa'idar ninka giɓin da ke tsakanin hasashe da sakamako da 20, zai zubar da kusan maki 5 na Elo, ƙaramin kuma ya kwashe su. Don haka sai ka ga ɗaya ya fito yana murmushi, ɗayan fuska a murtuke, sakamako kuwa ɗaya.

A Landan, 2018, Magnus Carlsen da Fabiano Caruana sun buga wasa 12 na kambun duniya, duka kunnen doki. A na ƙarshe Carlsen ne ke da rinjaye a allo, ga lokaci a hannunsa, sai ya miƙa tayin canjaras a motsi na 31. Garry Kasparov, tsohon zakaran duniya, ya soki matakin. Ni ma raina ya sosu, don na so in ga an fafata har ƙarshe. Sai dai Carlsen ya san inda ƙarfinsa yake: a wasannin sauri na raba gardama ya lallasa Caruana 3 da nema, ya riƙe kambunsa.