Ihun da Ummi ta yi a saman bishiya

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da warhaka. Ku yi haƙuri da muryata, ta dishe, jiya na sha ihu a daji. Tun da asuba nake son in kunna kyamarar nan in ba ku labari, don wallahi har yanzu zuciyata ba ta gama nutsuwa ba.

Kun san 'yata Ummi, kuna ganinta jefi-jefi tana wucewa a bayana. Shekararta 11, a nan Ingila aka haife ta. Yarinyar nan tana jin Hausa sarai, duk abin da ka faɗa ba ya wuce ta, amma ba ta mayarwa. Ka yi mata Hausa, ta amsa maka da Turanci. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi shiru na zuba mata ido, duk a banza. To jiya, a saman bishiya, a kan wani ɗan katako da bai kai faɗin tafin ƙafa ba, ƙafarta ta goce, ta buɗe baki ta ce, "Wayyo Mama, ki riƙe ni, zan faɗi!" Da Hausa tsantsa. Har da wayyo ɗin.

Bari in koma baya in faɗa muku yadda aka yi na tsinci kaina a can, don ni ba da niyyar hawa na bar gida ba.

Wurin wasa ne a cikin daji, irin wanda ake ɗaure igiyoyin ƙarfe daga bishiya zuwa bishiya, a yi gadoji masu lilo, a rataya raga da tsani da gungumen itace, mutum ya yi ta tsallakawa a sama har ya kai ga doguwar igiyar zamiya da za ta sauko da shi ƙasa. Su dai zif-layin suke ce mata. Ƙawayen Ummi sun je, ta dawo ta dame mu. Babanta ya kama mana wuri ta intanet, fam talatin da wani abu kowane mutum, ban da kuɗin ajiye mota, wanda shi ma ba kyauta ba ne. Ni a zatona zan zauna a ƙasa da ruwan zafina in riƙa ɗaga mata hannu. Muna isa aka ce yaron da bai kai shekara 16 ba dole babba ya hau tare da shi. Baban Ummi kuwa gwiwarsa na damunsa tun watan jiya. Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Maman Ummi, sai ke." Na ce to, bismillah.

Gargaɗina na farko, musamman ga mata 'yan uwana: ba a fafe gora ranar tafiya. Maɗaurin da za a saka miki yana zagaye ƙugu ne da cinyoyi biyu, a ja shi tam. Doguwar riga ko zani ba za su yiwu ba. Allah ya taimake ni ina da wando mai kauri a ƙarƙashin rigata, na cire ta sama na saka riga mai dogon hannu wadda ta sauko gwiwa. Mayafi kuma, don Allah kada ki hau da mai jela. Akwai 'yar taya da ke gudu a kan igiyar, dab da kanki take, in ta kama bakin gyale ba za ta saki ba. Ƙaramin hijabi na saka na cusa bakinsa cikin riga. Yarinyar da ke koyar da mu ta duba, ta ɗaga min babban yatsa, ba ta ce komai a kai ba, kuma na ji daɗin hakan. Zobe ma ki cire. Safar hannu ki zo da taki daga gida, mu sai da muka saya a wurin, fam kaɗan ne amma da na sani da na zo da tawa.

Kafin a bar ka ka taɓa tsani sai an yi kusan rabin awa ana koya maka a ƙasa. Ƙugiya biyu ce a jikinka, kowacce da igiyarta. Dokar guda ɗaya ce, kuma sun maimaita ta har sai da ta zauna mana: kada ƙugiyoyin nan biyu su taɓa rabuwa da igiya a lokaci guda. Ka cire ɗaya ka maƙala a gaba, ka tabbata ta kulle, sannan ka cire ta biyu. Wasu wuraren yanzu sun koma wani tsari da ake zura maƙalin tun daga ƙasa, ba ya fita sai ka sauka, amma inda muka je da hannunka za ka yi. Ka yi naka, ka kuma sa ido a kan na ɗanka. Wannan shi ne abin da ya fi yi min nauyi, ya fi tsawon bishiyar ma. Duk inda Ummi ta kai hannu idona na wurin.

Na juya ƙugiyar na ga an buga lamba a jikinta da haruffan kN. Na tambaya, aka ce ma'aunin ƙarfin da za ta iya ɗauka ne, kowane ɗaya kamar nauyin kilo ɗari. Tawa ta haura ashirin. Wato sama da tan biyu, ƙarfe ɗan mitsitsi da bai cika tafin hannu ba. Hankalina ya karɓi wannan lissafi. Amma da na kai dandamalin farko na leƙa ƙasa, na ga Baban Ummi ya zama ɗan ƙarami, gwiwoyina ba su san da wani lissafi ba. Tsoro na daji, kunya ta gida. Ga 'yata a gabana tana kallona ta ga ko zan ja da baya. Na karanta abin da zan karanta a zuci, na ɗaga ƙafa.

Kuma abin da ba wanda ya faɗa min: bishiyar tana motsi. Kana tsaye a kan katakon da aka kafa a jikinta, iska ta kaɗo, sai ka ji duk dandamalin ya tafi da kai a hankali ya dawo. Daga ƙasa ba ka ganin wannan. Wani abu kuma da ya burge ni, igiyoyin ba a jikin ɓawon bishiyar aka ɗaure su kai tsaye ba, an jera guntayen katako a tsakani don kada ƙarfen ya ci jikinta. Na tsaya na shafa wurin da hannuna. Mutanen nan suna ji da bishiya.

Af, tunda na yi maganar bishiya. Wannan harkar a Birtaniya ba ta wani daɗe ba fa. Kamfanin da aka fi sani da ita, Go Ape, a 2002 ya buɗe wurinsa na farko a dajin Thetford da ke gabashin Ingila. Wani mutum ne, Tristram Mayhew, da matarsa Rebecca, suka ga irinsa a Faransa lokacin hutu, suka dawo gida suka kafa nasu. Shi kansa dajin na Thetford shuka shi aka yi. Bayan yaƙin duniya na farko ƙasar ta ga ta yi ƙarancin katako, aka kafa hukumar gandun daji a 1919, aka shiga dashe. Waɗanda suka dasa don katako suka yi, yau jikokinsu na lilo a kai. A wuraren kamfanin, babbar hanyar wasan ta saman bishiya sai mai shekara 10 zuwa sama, tsawo mita 1.4, nauyi kuma kada ya wuce kilo 130. Ku auna yaranku a gida kafin ku biya. Jiya na ga wani yaro a bakin shiga yana kuka, tsawonsa bai kai ba, uwarsa na rarrashi, abin ya taɓa ni.

To mu dawo sama. Mun wuce gadar igiya, mun wuce raga, wadda ita ce ta fi cin ƙarfin hannu, kafaɗuna har yanzu suna faɗa min. Sai muka zo wani wuri da aka rataye guntayen katako ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana lilonsa daban. Ummi ce a gaba. Ta taka na farko, na biyu, na uku. A na huɗu katakon ya gudu daga ƙarƙashinta.

Ba ta faɗi ba, ba yadda za a yi ta faɗi, maɗaurin ya riƙe ta nan take, ta zauna a cikinsa tana reto. Amma ita a wannan daƙiƙar ba ta san haka ba. Shi ne ta yi ihun nan. Ni kuma ban san lokacin da na ce, "Ina nan, Ummina, ba inda za ki, kama igiyar sama, ɗago ƙafarki ta dama." Ta ce, "Ba zan iya ba." Na ce, "Za ki iya, 'yar albarka, a hankali." Ta ce, "Mama ina jin tsoro." Na ce, "Ni ma ina ji, taka." Duk da Hausa, 'yan uwa. Jimla bayan jimla, ba ta ko laluben kalma. Ashe yana nan a cikinta duk shekarun nan, a ajiye. Ta ɗago, ta taka, ta ƙarasa. Da na iso dandamalin na rungume ta, hawaye na zuba, ita tana zaton tsoro ne ya sa ni kuka. Wani Bature da ke bayanmu da ɗansa ya tsaya ya jira, bai hanzarta mu ba, Allah ya saka masa.

A wurin nan mahaifiyata ta faɗo min a rai. Sunanta yarinyar ta ci. Duk sanda muka yi waya sai Hajiya ta ce, "A ba ni takwarata," a miƙa mata, ta yi ta magana ita kaɗai, Ummi na murmushi tana cewa eh, eh. Hajiya ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma ni na san abin da shirun nan yake yi mata. Shekara huɗu rabon da in saka ta a ido. A saman bishiyar nan, iska mai sanyi na dukan fuskata, na ji kewarta kamar in yi tsuntsuwa.

Sai igiyar zamiya. Wannan kam, duk wahalar da aka sha saboda ita ce. Ka ɗora tayar a kan igiya, ka maƙala ƙugiyoyinka, ka zauna a cikin maɗaurin, ka ɗage ƙafa. Ba inji, ba komai, nauyinka ne kawai ke jan ka, tunda bakin igiyar na can ya fi na nan ƙasa. Kuma ba a ɗaure ta miƙe sak ba, tana da ɗan ciki a tsakiya, shi ya sa kake gudu da farko, in ka kusa ƙarshe sai ta ɗan hau da kai gudun ya ragu. Mai nauyi ya fi marar nauyi gudu. Ummi ta tafi a hankali kamar gashin tsuntsu, ni kuwa na zo da ƙarfi, tayar na wani kuka a saman kaina, bishiyoyi na wucewa ta gefe. Ban taɓa jin sakewa irin wannan ba tun ina yarinya. Wajen sauka ku kula: jiki yana juyawa a hanya, da yawa da baya suke isowa. In ka ga ka juya, kada ka yi kokawa da igiya, ka kwanta ka ja dugaduganka a cikin ɓarɓashin katakon da aka zuba. Zai shiga takalmi, zai shiga aljihu, don haka kada ka je da kayan da kake ji da su. Wayarka ma in ba ta da igiyar ratayawa ka bar ta a ƙasa.

Ba yabon kai ba, hanyar zango biyar ce, duka na gama, kusan awa uku muna sama, ban nemi a sauko da ni ba ko sau ɗaya. Yayyafi ma ya same mu a na huɗu, ba a tsaya ba. Ruwa ba ya hana su, sai dai tsawa ko iska mai ƙarfi.

Yanzu Ummi ta ɗaga buri. A mota take ce min akwai wata igiyar zamiya a arewacin Wales, ta kamfanin Zip World, a tsohuwar mahaƙar dutsen Penrhyn kusa da garin Bethesda. Tsawonta ya haura kilomita ɗaya da rabi, a kife ake kwantar da mutum, ya bi ta saman wani tafki, gudun yakan kai mil 100 a awa. Mahaƙar nan ita ce ma'aikatanta suka yi wani yajin aiki mai tsawo daga 1900 zuwa 1903. Babanta ya ƙara mata da cewa wadda ke dutsen Jebel Jais a Ras al-Khaimah, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da aka buɗe a 2018, ta kai kilomita 2.83. Na ce ku bari kafaɗata ta warke tukuna, sannan mu yi maganar Wales. Kuɗinta ma ya ninka na jiya.

Abin da ban sani ba, ashe duk lokacin nan Baban Ummi yana ƙasa yana ɗauka da wayarsa. Hoton bai fito sosai ba, ganye ya tare, amma muryar ta fito tar. Da daddare na tura wa Hajiya. Ba a yi minti biyar ba ta kira, ta ce, "Ke, wa ya kai min takwara saman itace?" Ta yi min faɗa sosai, na ce ki yi haƙuri Hajiya. Can ta yi shiru, sai ta ce, "Ita ce ta yi maganar nan da bakinta?" Na ce ita ce. Ta ce a ba ta ita. Ummi ta karɓi wayar, ta dube ni, ta ce, "Hajiya, ina wuni. Ban faɗi ba."

Ga bidiyon nan zan saka muku yanzu. Ku ƙara sauti, wajen tsakiya ne za ku ji ta.